Magogin Goron Inna Mariyamu

Duk wanda ya san unguwar Tunga a Minna ya san Liyatu Zamani, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce matar nan mai tabarau rataye da igiya a wuya, mai shagon gyaran kwamfuta da waya a bakin titi, wadda in ka miƙa mata abinka sai ta shinshina shi tukuna kafin ta amsa gaisuwarka. Wai hanci ya fi mitar gwajin wuta saurin gane abin da ya ƙone. Maza uku suka buɗe irin shagonta a layin nan. Biyu sun koma sayar da cajar waya, na ukun kuwa duk abin da ya gagare shi ta bayan shago yake aiko mata da shi a baƙar leda, don kada a gani a yi masa dariya. Ita kuma ba ta taɓa tona shi ba, sai dai kowa ya sani.

A Minna aka haife ta. Ubanta, Baba Zamani, mutumin Zonkwa ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi garin yana saurayi. Ya yi shekara ashirin da wani abu yana ɗaga tuta, ja in a tsaya, kore in a wuce, har jiragen suka gaji da zuwa. Da aka sallame shi bai koma gida noma ba kamar sauran abokansa. Sai ya sayo tsofaffin kwamfutoci huɗu 'yan kwatano, ya jera su a wani ɗaki kusa da gida, ya buɗe shagon wasan gem. Mutane suka ce ya haukace. Bai musa ba.

Abin mamakin, mutumin nan bai taɓa tuƙa mota ba a rayuwarsa. Keke ma rabinsa turawa yake. Amma akwai wani wasan tseren motoci a kwamfutar da yake kira Lamba Ɗaya, mai sitiyarin roba da ake ɗaurewa a gefen tebur, wanda in Baba Zamani ya zauna a gabansa sai direbobin tasha su zo kallo. Hanya ce a kan duwatsu, ga kwana, ga ƙanƙara, ƙasar da bai taɓa gani ba kuma ba zai gani ba, amma ya san kowane rami nata fiye da ramukan hanyar Bida.

A ƙarƙashin teburan nan Liyatu ta girma, tana rarrafe tsakanin wayoyi. Uwarta, Allah ya jiƙanta, nas take so ta zama. Yarinyar kuwa ko jinin kaza ta gani sai ta nemi wurin zama, amma tun tana 'yar shekara goma sha biyu take buɗe cikin kwamfuta da wuƙar kicin. Haka aka ƙyale ta. Daga baya wayar hannu ta zo ta kashe shagon, kowa ya koma wasa a tafin hannunsa. Kwamfutoci uku suka tafi hannun 'yan gwangwan. Lamba Ɗaya kaɗai Baba ya naɗe da tsohon zanen matarsa, ya tura ƙarƙashin gado.

To, daminar bara, wata Lahadi bayan an taso daga coci, Baba Zamani yana shan kunu cokali ya faɗi daga hannunsa. Shanyewar ɓarin jiki. Aka yi mako biyu a asibiti. Ƙafa ta dawo. Baki ma ya dawo, har ya fi na da, abin da ba wanda ya roƙa. Hannun dama ne ya ƙi. Ya dunƙule a cinyarsa kamar ƙafar kaza a cikin miya.

Matar da ke koya wa irinsu motsa jiki a asibitin ba ta ɓoye wa Liyatu komai ba. Ta ce hannun bai mutu ba, barci yake, amma in aka yi wata uku ba a tashe shi ba zai sandare a haka, shi ke nan. Ta ba su ƙwallon roba, a riƙa matsawa safe, rana da yamma.

Ƙwallo na farko a rijiya aka tsamo shi. Na biyu akuyar maƙwabta ta cinye rabinsa, Baba yana kallo yana yi mata kirari.

"Baba, me ya sa kake haka?"

"Ni jariri ne? Shekara sittin da tara, jikoki huɗu, a ba ni ƙwallo in matsa? Gobe kuma sai a goya ni."

"Hannunka ne fa."

"Hannuna ya yi aikinsa. Ya yi ritaya. Ki ƙyale shi ya ci fanshonsa."

Haka maza suke. In abu ya ba su tsoro sai su mai da shi abin dariya, su bar ki da kukan.

Wata rana da tsakar rana Liyatu ta dawo cin abinci, ta tarar ya yi barci a kujerarsa a gindin mangwaro. Bakinsa yana wani guri-guri kamar injin mota. Ta tsaya. Hannun hagu na sama yana juyawa, sai kuma ta ga na daman, wanda aka ce ya yi ritaya, yana ɗan karkatawa a cinya, yatsu biyu suna motsi. Tsoho yana shan kwana a mafarki.

Washegari ta sa masa wasan mota a wayarta. Ya kalla ya ture.

"Shafa gilashi? Wannan tuƙi ne ko kwalliya?"

Ta gwada tsohon wasan a sabuwar kwamfutarta, ya ƙi tashi. Sitiyarin ma bakin wayarsa ba inda zai shiga, an daina yin irin raminsa tun tana 'yan mata. Ba makawa sai Lamba Ɗaya. Ta jawo ta daga ƙarƙashin gado, ta kori kyankyasai, ta jona. Fanka ta juya. Sai kwamfuta ta yi ƙara, ɗaya doguwa, biyu gajeru, allo kuwa baƙi ƙirin. Tun kafin ta kwance murfi ta san ma'anar kukan nan: babu katin hoto.

Katin hoto wani faifai ne kore, tsawonsa kamar tafin hannu da rabi, shi ke zana duk abin da ido ke gani a allo. In babu shi kwamfuta tana nan da ranta, tana tunaninta, amma ba ta iya nuna maka komai. Ramin da ake cusa shi kuwa ga shi nan wayam. Kuma ba ɓarawo ba ne ya cire. Liyatu ta tuna sarai: ita ce, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin tana jin kanta sabuwar gwana. Fankarsa ta tsaya, hoto yana zane-zane, ta zare shi wai za ta gyara, ta ajiye a bakin taga. Daga nan ba ta sake tuna shi ba.

Ta shiga gari nema. Masu sayar da kayan kwamfuta suka yi ta dariya. "Anti, wannan ai kakan kati ne. Ki gwada gidan tarihi." Sababbin katuna ga su nan birjik, amma ba wanda bakinsa zai shiga ramin Lamba Ɗaya. Ta je wurin 'yan gwangwan har Maikunkele, suka ce irin waɗannan tuni an farfasa an kai Legas. Kwana ya yi ta tafiya. Cikin wata ukun nan, ɗaya da rabi ya wuce, yatsun Baba sun fara ƙin miƙewa ko da an ja su.

Gidan da suke zaune na Inna Mariyamu ne, Banufiya 'yar Bida, wadda ba wanda ya san shekarunta, ita ma ta ce ba ta ga amfanin sani ba. Shekara talatin da biyar suna gida ɗaya. Ita ta yi wa Liyatu wankan jarirai, ita ta zauna da uwarta har ta cika. Haƙori ɗaya ya rage a bakinta, tana kiransa mai gadi. Amma goro, ko ranar da aka yi mata aikin ido sai da ta ci. Tun da ba abin taunawa, gogawa take, ta tara garin a tafin hannu ta watsa a baki.

Ran nan Liyatu ta dawo a gajiye bayan azahar, ta zube a bakin tabarmar Inna.

"Injiniya, yau kuma wa ya mutu? Waya ko rediyo?"

"Kaka, ƙyale ni."

"Na ƙyale ki. Dama fuskar nan ko kina dariya ba ta sayuwa."

Inna ta kwance ƙullin goronta, ta zaɓi fari ɗaya, ta zaro magoginta daga ƙarƙashin tabarma ta fara gogawa. Ƙur, ƙur, ƙur. Liyatu ta ji ƙarar nan kullum ta Allah shekara da shekaru, ta ga abin nan ya fi sau dubu, wani faifai ja-ja baƙi-baƙi da goro ya rine. Yau ne kawai rana ta faɗa a gefensa, wani layi ya yi ƙyalli kamar haƙoran zinariya. Ta sa tabarau. A ƙarshen faifan ga wani baki shuɗi mai ƙananan ramuka.

"Kaka! Ina kika samo wannan?"

"A bakin taga. An yar, na ɗauka. Ki rage murya, ba kurma ba ce ni."

"Katin Baba ne! Shi nake ta nema a duk garin nan!"

"To kin gan shi. Sai ki gaishe shi." Ta ci gaba da gogawa.

Bayan katin, daidai inda shuɗin bakin nan ya ratsa, akwai 'yan tsinaye goma sha biyar a jere layi uku, ƙanana, ba su da kaifin yanka yatsa amma sun ishi goro. Nan Inna take gogawa, kuma garin da ke fita laushi ne da shi kamar an tankaɗe.

Liyatu ta gyara zama ta yi bayani tiryan-tiryan: hannun Baba, wata uku, mafarkin tuƙi, Lamba Ɗaya. Inna ta saurara har ƙarshe tana mamular goro.

"Na ji. Allah ya ba shi lafiya. Magogina kuwa ba inda za shi."

"Kaka, dalma ce a jikin tsinayen nan. Guba ce. Shekara goma sha ɗaya kina ci!"

"Ga ni kuwa. Ke da kike shaƙar hayaƙinta daga safe har yamma, wa ya fi wani? Dube ki, kamar sillen kara."

Maganar dalmar nan ta tsorata Liyatu da gaske, har ta ƙudurta ko babu Baba katin nan ya gama shiga bakin tsohuwa. Amma ƙwace ba zai yiwu ba. Matar da ta yi maka wanka kana jariri ba ka murɗe mata hannu.

Ta sayo magogi a kasuwa. Inna ta goga sau biyu ta miƙo mata. "Na kuɓewa ne. Ni miya ce?" Ta je wurin Kolo mai ƙera gwangwani, ya huda mata gwangwanin madara da ƙusa. Ya yanki Inna a yatsa, aka yi kwana biyu ana nuna wa duk wanda ya shigo gidan, har mai kawo takardar wuta.

Nan Liyatu ta daina yawo, ta zauna ta yi tunani irin na masu gyara. Ba magogi Inna take so ba, tsinayen nan goma sha biyar take so, da tsayinsu da tazararsu. Sai ta ɗauko sabulun wanki sabo, ta roƙi a ba ta katin minti ɗaya. Inna ta yarda, amma ta riƙe gefe ɗaya gam. Liyatu ta danna bayan katin a kan sabulun, tsinaye suka bar sawunsu. Ta samo murfin kwanon silba wanda ba ya tsatsa, ta yanko shi daidai girman katin, ta zauna da allurar keken ɗinki da 'yar guduma tana bi ɗaya bayan ɗaya, ba hudawa ba, turowa kawai, tsini ya taso ta ɗaya gefen. Ta karya allura bakwai. Ta bi kowane tsini da zarto ta kashe masa kaifi. Kwana biyu shagonta a rufe, masu wayoyi suna zage-zage a ƙofa.

Ranar da ta kawo, Baba Zamani na kujerarsa a gindin mangwaro yana karanta jaridar makon jiya, wai ba ruwansa. Amma tun da aka ce an ga katin, jaridar nan shafi ɗaya yake karantawa.

Inna ta juya sabon magogi, ta shinshina, ta ƙwanƙwasa. Ta goga goro kaɗan, ta murza garin tsakanin yatsu, ta ɗanɗana.

"Laushin ya yi," in ji Inna. "Amma sabo ne, bai san goro ba. Sai an hore shi. Wancan shekara guda na yi ina horonsa, yanzu kuwa wuyan hannuna ba zai iya ba." Ta ɗaga kai ta dubi gindin mangwaro. "Malam Zamani!"

"Na'am, Inna."

"'Yarka na son magogina. Zan ba ta aro, aro fa na ce. Amma kai za ka riƙa goga mini goro a wannan, safe, azahar da la'asar, har ya horu."

Baba ya sauke jarida. "Inna, ai kin ga hannuna."

"Na gan shi. Shekara talatin yana nuna mini inda rufi ke yoyo, ban taɓa jin ya gaji ba."

"To, kawo. Na goga da hagu."

Inna ta dafe ƙirji. "Da hagu? Abin da zan kai bakina? Zamani, a Zonkwa haka aka koya muku? Ka miƙo wa babba abin ci da hannun da kake tsarki da shi? Hagu ta riƙe magogi, wannan na yafe. Goro kuwa dama, ko kuwa katinku ya kwana a ƙarƙashin tabarmata har a binne ni da shi."

Baba ya dubi Liyatu. Liyatu ta sami wani abu mai muhimmanci a ƙasa ta tsura masa ido. Likita zai iya yi wa gardama, 'yarsa zai iya yi wa tsawa, amma a nan Inna ta fi shi gaskiya, don shi kansa da wani ya miƙo masa abinci da hagu da ya kore shi daga gidan.

"Kawo goron," ya ce.

Ranar farko ba kyan gani. Sai da Liyatu ta buɗe masa yatsu ta cusa goron. Ya faɗi sau huɗu, sau ɗaya har kaza ta yi gaba da shi aka bi ta. Zufa ta jiƙa masa riga. Abin da Inna ke gamawa kafin a ƙirga ashirin, sai da ya kai su gab da la'asar, garin kuwa bai cika cokalin shayi ba. Inna ba ta ce sannu ba. Ta watsa a baki ta ce, "Gobe ka rage gishiri, zufarka ta shiga." Sannan ta zaro katin ta miƙa wa Liyatu ba tare da ta kalle ta ba.

Kwana biyar Liyatu ta yi a kansa. Ta jiƙa shi a sifirit, ruwan ya koma kamar shayin da aka manta a wuta. Ta zubar ta sake, sau shida, tana bi da buroshin haƙori har koren ya fito. Da ya bushe ta sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ga ɓarna. Wasu 'yan gwangwanaye uku da ke riƙe wuta sun kumbura kamar ƙosai, ta cire ta sa sababbi. Wasu ƙananan abubuwa biyu, kowanne bai fi ƙwayar acca ba, babu su babu dalilinsu, sai gurbinsu. Ba ta tambayi inda suka tafi ba, ta riga ta sani. Ta ciro irinsu daga wata matacciyar rediyo. Hanyoyin wuta uku goro ya cinye, ta haɗa su da waya mai sirantar gashi da ta zare daga abin sauraren kunne. Haƙoran zinariyar ta goge su da robar goge fensir. Fankar kuwa tuni Inna ta ɓalle ta ta yar, wai tana tokare mata hannu, sai Liyatu ta ɗaure masa wata da ta fi shi girma, ya koma kamar yaro da hular babansa.

Ana cikin haka wuta ta ɗauke kwana biyu cur, a garin da madatsun ruwa suka kewaye, ga Shiroro ga Zungeru. Ba ta tsaya zagi ba, ta ɗora ƙarfen narka dalma a kan risho ta ci gaba.

Gwajin farko hoto ya fito, ta yi tsalle, sannan ta duba da kyau. Komai shuɗi-kore, kamar ana kallon duniya daga ƙasan kogin Chanchaga. Ja ya ɓace. Ta bi da mita tsini bayan tsini, sai ga shi: na farko cikin goma sha biyar ɗin, wanda ke ɗauke da launin ja, shi ne goro ya fi ci, ya siɗe har ya rabu da gindinsa. Ɗigon dalma ɗaya ya ishe shi.

Ran Asabar da hantsi ta fito da tebur gindin mangwaro, ta ɗora allon nan mai ƙaton ƙeya, ta ɗaure sitiyari. Baba ya fito da rigar cocinsa, ba wanda ya ce masa ya sa. Inna ta jawo kujerarta 'yar tsugune ta zauna a gefensa na dama.

"Ina za ki, Kaka?"

"Kayana ne a ciki. Mai mota ba ta zama a gida."

Kiɗan wasan ya tashi. Baba ya gyara zama. Ya kama sitiyari da hagu, dama na cinya. Mota ta tashi. Miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau, kwanar farko ya daki dutse. Ya sake. Ya daki dutsen nan dai. Kwanar ta fi ƙarfin hannu ɗaya, ya kuma san haka tun kafin ya zauna.

"Wannan ne direban da ake ba ni labari?" in ji Inna. "Sauke ni in hau Keke Napep."

Karo na uku, da dutsen ya doso, Liyatu ba allo take kallo ba. Hannun dama ya ɗago daga cinya, a hankali, yatsun da goro ya rina ja suka lalubi sitiyari suka maƙale. Uku ne suka kama, biyu suna lanƙwashe. Mota ta karkata, ta goge dutsen da gefe, ta wuce.

"Kai! Rage gudu! Kashe ni za ka yi?"

"Inna, riƙe kujerarki!"

Ya zo na bakwai cikin motoci takwas, ya yi ihu kamar an ba shi jirgin ƙasa kyauta. Liyatu ta juya baya wai tana duba waya, ta goge tabarau da gefen zane. Sai hancin nan nata ya kama wani abu. Ta durƙusa bayan kwamfuta ta shinshina. Ba ƙauri ba ne. Katin ya yi ɗumi, fanka tana huro ƙanshin goro, wanki shida bai fitar da shi ba.

"Kin ji ko?" in ji Inna. "Ya san uwargijiyarsa."

Da wata ukun suka cika aka koma asibiti, matar nan mai koya motsa jiki ta miƙa wa Baba hannu ta ce ya matsa. Ya matsa har ta ce ya isa. Ta tambaya ko ƙwallon ne, ya ce ƙwarai kuwa, kullum sau uku, bai ko ƙifta ido ba. A tafiyar nan Liyatu ta ja Inna aka ɗebi jininta saboda dalmar, aka ba ta magani, ta shanye tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro allura.

Ƙaramin yatsan bai dawo ba har yau, yana nan a lanƙwashe. Amma Baba Zamani da dama yake cin tuwonsa, shi ke ɓalla maɓallin rigarsa. Tsofaffi uku a layin sun aiko wa Liyatu da murfin kwano a yi musu irin na Inna, ta ce ita kwamfuta take gyarawa, sannan ta yi musu.

Goron kuwa har yanzu shi ke gogawa, safe, azahar da la'asar. Watan jiya ya ce, "Inna, magogin nan bai horu ba har yanzu?"

Ta murza garin tsakanin yatsu, ta ɗanɗana, ta yi dogon nazari.

"Da saura. Gama ka tada mota, yau Bida za ka kai ni. Kuma in ka sake wuce tamanin, in karɓe katina."